Durƙuson Kaepernick da fushin ƴan kallo: wa ya shigo da siyasa filin wasa?

A watan Agustan 2016 wani ɗan wasa a Amurka mai suna Colin Kaepernick ya ƙi tashi tsaye lokacin da ake rera taken ƙasar kafin wasa. Ya yi zamansa a kan benci. Da ƴan jarida suka tare shi, sai ya ce ba zai miƙe ya girmama tutar ƙasar da ake danne baƙar fata a cikinta ba, ga gawarwaki a kan titi, waɗanda suka yi kisan kuma suna yawonsu. Wata guda kafin nan ƴan sanda sun harbe wani baƙar fata, Alton Sterling, a jihar Luwiziyana. Washegari suka harbe Philando Castile a cikin motarsa a Minesota, budurwarsa na gefe tana nuna wa duniya halin da yake ciki kai tsaye a Facebook.

Wasan da Kaepernick ke yi ba tamaular da muke kallo a nan Maradi ba ce. Nasu ne na Amurkawa, mai doguwar ƙwallo da ake runguma a gudu da ita, ƴan wasa sanye da hular kwano suna karo da juna. Gasarsu, NFL, ƙungiyoyi 32 gare ta, kuma babu wata gasar wasa a duniya da ta kai ta kuɗi. Kaepernick shi ne jagoran hari na San Francisco 49ers, wanda ya kai su wasan ƙarshe a farkon 2013. Ba ƙaramin yaro ba ne da ke neman suna.

Akwai abin da masu zaginsa ba su cika ambata ba. Durƙuson da ya shahara da shi ba daga kansa ya fito ba. Wani tsohon sojan kundumbala, Nate Boyer, shi ya zauna da shi ya ce zaman nan a benci yana ɓata wa sojoji rai, amma su a aikinsu idan aka binne abokin aiki gwiwa ɗaya suke sawa a ƙasa gaban kabari don girmamawa. Kaepernick ya karɓi shawarar. Daga farkon Satumba ya koma durƙuso, abokin wasansa Eric Reid na kusa da shi. Ya nemi hanyar da ta fi kowace ladabi, amma hakan bai hana a kira shi maci amanar ƙasa ba.

Daga nan abin ya bar hannun ƴan wasa. Wasu ƴan kallo suka riƙa ƙona rigunan ƙungiyoyinsu suna ɗauka a waya, wasu suka rantse sun daina kallon NFL har sai an tilasta wa kowa tsayuwa. A Satumban 2017 shugaba Donald Trump, a wani taron siyasa a jihar Alabama, ya zagi masu durƙuson da ashar, ya ce masu ƙungiyoyi su kore su, ƴan kallo kuma su fice daga fili. A ƙarshen makon nan ƴan wasa kimanin 200 suka durƙusa ko suka zauna, har da waɗanda a da ba ruwansu. Bayan makonni biyu mataimakinsa Mike Pence ya je kallon wasa a Indiyanapolis, da ya ga an durƙusa ya tashi ya fita. Shi kuwa Kaepernick, tun da ya rabu da ƙungiyarsa a Maris 2017 babu wadda ta sake ɗaukarsa cikin 32 ɗin. Ya kai ƙara cewa baki aka haɗa aka rufe masa ƙofa, aka sasanta a 2019 ba tare da an bayyana sharuɗɗan ba. Bai sake buga wasa ko ɗaya ba.

Hujjar masu ƙauracewar ba ta da wuyar fahimta, kuma bai kamata a raina ta ba. Mutum ya wuni yana fama, ya zo ya zauna don ya huta da rigimar duniya na sa'a biyu, sai ya tarar da rigimar ta riga shi zuwa. Wani ɗansa ya mutu a Iraƙi ko Afganistan, da tutar aka lulluɓe gawar, ba zai iya ganin wanda ake biya miliyoyi ya ƙi miƙe mata ba. Wani kuma cewa yake ma'aikaci ne a bakin aikinsa, in yana da magana ya bari sai ya tashi. Ko a fadojinmu na unguwannin Zariya da Bagalam a nan Maradi haka za ka ji, ana zuba shayi wani na cewa shi ƙwallo ya zo kallo, ɗan wasa ya buga abin da aka biya shi ya bar wa ƴan siyasa siyasarsu.

Ni inda na rabu da wannan hujja shi ne, ta ɗauka filin wasa wuri ne da babu siyasa kafin ɗan wasa ya buɗe baki. Ba haka ba ne. Wa ya kawo taken ƙasa filin? A Amurka kafin manyan wasanni ana shimfiɗa tuta mai faɗin filin gaba ɗaya, sojoji su yi fareti, jiragen yaƙi su wuce ta sama. A 2015 wasu sanatoci biyu, John McCain da Jeff Flake, sun fitar da rahoto da ya nuna ma'aikatar tsaron ƙasar ta kashe dalar Amurka miliyan 6.8 cikin ƴan shekaru a kwangilolin talla da ƙungiyoyin wasa, ciki har da biyan kuɗin bukukuwan karrama sojoji da ƴan kallo suka ɗauka kyauta ake yi don kishin ƙasa. Ba wanda ya ƙona riga kan wannan. Siyasar da mutum ya yarda da ita ba ya ganinta a matsayin siyasa, al'ada yake ce mata. Sai wadda ta saɓa masa ce ke tsole masa ido.

Mu ma ba sai mun je nesa ba. Gasar kokowa ta Takobin ƙasa da aka fara a Tawa a 1975, wadda ɗanmu Yakuba Kantu ya fara lashewa har aka sa wa filin kokowar Maradi sunansa, gwamnatin Seyni Kountché ce ta kafa ta don haɗa kan jihohi. Duk wanda ya taɓa shiga filin ranar buɗewa ya san tsarin. Manyan gwamnati da gwamnoni da sarakuna a rumfa, a miƙe a yi taken ƙasa, ƴan kokowa goma-goma daga jihohi takwas su zaga fili da layu da guraye suna ɗaga wa rumfar hannu, makaɗa da maroƙa na wasa masu mulki, mai sanarwa na jero sunan wane da adadin kyautar da ya bayar. Wannan siyasa ce tsagwaronta, kuma ban ce aibi ba ce, don ta yi wa ƙasar nan amfani. Taken ma da muke miƙe wa, a 2023 aka sauya shi, aka ajiye tsohon na 1961 da wani Bafaranshe ya rubuta, saboda mutane sun daɗe suna cewa akwai baitin da ke ƙasƙantar da mu. Ƙasar da ta yi muhawara kan takenta har ta sauya shi ta fi kowa sanin cewa take ba saukakke ba ne.

Abin da ya sami Kaepernick ya sami wasu kafin shi, kuma kusan kullum wanda ya yi maganar ne ke biyan kuɗin. A 1967 Muhammad Ali ya ƙi shiga soja zuwa yaƙin Biyetnam, aka ƙwace kambunsa, aka hana shi dambe sama da shekara uku yana tsakiyar ƙarfinsa, sai a 1971 kotun ƙoli ta soke hukuncin da aka yanke masa. A 1968, a gasar Olamfik ta Meziko, Tommie Smith da John Carlos suka hau dandamalin karɓar lamba ba takalmi, suka ɗaga dunƙulallen hannu cikin baƙar safa, aka kore su daga gasar. Amma wanda labarinsa ya fi kama ni shi ne Mahmoud Abdul-Rauf, ɗan ƙwallon kwando na Denver Nuggets da ya musulunta. A 1996 ya daina tsayuwa wa taken, ya ce imaninsa bai bar shi ya girmama alamar zalunci ba. Hukumar NBA ta dakatar da shi. Bayan wasa ɗaya aka daidaita cewa zai tsaya, amma addu'a zai yi. Hotunan suna nan: dubban mutane na masa ihu, shi yana tsaye a layi da abokansa, kai a sunkuye, ido a rufe, tafukan hannu biyu a buɗe gaban fuskarsa, yadda kowane ɗayanmu ke yi bayan sallama. Ma'aikatan wani gidan rediyo suka kutsa masallaci a yankin Denver suna busa taken don tsokana. A ƙarshen kakar ƙungiyar ta rabu da shi, cikin shekara biyu ya fita daga gasar, daga baya aka ƙona gidansa a Misisipi.

Yau Ali gwarzo ne a wajen kowa, Smith da Carlos an gina musu mutum-mutumi a jami'arsu ta San Jose. Amma a ranar da suka yi abin, yawancin ƴan kallo ba sa tare da su.

To ƙauracewar, ta ci ko ba ta ci ba? A nan ne lissafin ke da sarƙaƙiya. Gaskiya ne masu kallon NFL a talabijin sun ragu da kusan kashi 8 cikin ɗari a 2016, suka ƙara raguwa da kusan kashi 10 a 2017. Masu ƙauracewa suka ce aikinsu ne. Sai dai a 2016 zaɓen Trump da Hillary Clinton ya janye hankalin mutane zuwa labarai, a shekarun kuma Amurkawa da yawa na barin tashoshin biya suna komawa intanet. Ga kuma ɓangare na biyu da ake mantawa: akwai baƙar fata da magoya bayan Kaepernick da su ma suka daina kallo, don an ƙi ba shi aiki. Mutum biyu sun kashe talabijin a dare ɗaya, dalilansu kishiyoyi, ƙididdiga kuma ba ta tambayar dalili. A 2018 da 2019 masu kallo suka sake ƙaruwa, a 2021 NFL ta sayar da haƙƙin nuna wasanninta na shekara 11 a kan kuɗin da ya haura dalar Amurka biliyan 100. Ƙauracewar ba ta karya gasar ba. Mutum ɗaya ta karya.

Hakan ya faru ne don masu ƙungiya ba aƙida suke bi ba, kasuwa suke kallo. A Mayun 2018, tsoro na kansu, suka kafa doka cewa duk ɗan wasan da ya fito fili dole ya tsaya, in ba ya so ya zauna a ɗakin sauya kaya. Ƙungiyar ƴan wasa ta ƙi, aka jingine dokar kafin a fara kaka. A Satumban shekarar kamfanin Nike ya sa fuskar Kaepernick a tallarsa. Wasu suka ƙona takalmansu, amma kamfanin ya riga ya yi lissafin cewa matasan da ke sayen kayansa suna tare da ɗan wasan, kuma a cikin watan hannun jarinsa ya kai matakin da bai taɓa kaiwa ba. Sai ga Mayun 2020, ɗan sanda ya danne wuyan George Floyd da gwiwa a Miniyapolis har ya mutu, miliyoyi suka fito titi. Cikin kwanaki shugaban NFL Roger Goodell ya fito ya ce sun yi kuskure da ba su saurari ƴan wasansu tun farko ba. Bai ambaci sunan Kaepernick ba. Abin da aka rufe wa mutum ƙofa a kansa a 2017 ya zama abin da ake rubutawa a gefen fili a 2020, don iska ta juya.

Daga nan ne durƙuson ya iso gidajen kallonmu. Ƴan wasan Firimiyar Ingila suka fara sa gwiwa a ƙasa kafin busa usur tun Yunin 2020, yara a kan bencin katako a Sabon Gari na tambayar me ake yi. Da aka bar ƴan kallo suka koma fili a Disamba, magoya bayan Millwall suka yi wa ƴan wasansu ihu. Wilfried Zaha na Kodebuwa ya daina durƙuson a 2021, ya ce ya zama al'ada kawai, zagin da ake musu a intanet bai ragu ba. Bai yi ƙarya ba. A Yulin shekarar, bayan Marcus Rashford da Jadon Sancho da Bukayo Saka sun ɓarar da fenariti a wasan ƙarshe na kofin Turai, abin da aka zuba musu na cin mutuncin launin fata bai faɗuwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ake jefa wa ayaba a fili ba shi za a ce wa ya bar maganar wariya a gida ba.

Hukumomin ƙwallo ma suna da dokar hana saƙon siyasa ko na addini a jikin kayan wasa, amma ba da mudu ɗaya suke awo ba. Mohamed Aboutrika ya ɗaga rigarsa a kofin Afirka na 2008 a Gana don nuna tausayin Gaza, aka ba shi katin gargaɗi. Frédéric Kanouté na Mali ya yi irin haka a Sevilla a 2009, aka ci shi tara. A Disamban 2019 Mesut Özil ya yi rubutu kan Musulmin Uigur na Sin, Arsenal ta yi maza ta ce ita ba ta shiga siyasa, gidan talabijin na gwamnatin Sin ya fasa nuna wasanta da Manchester City. Amma a Fabrairun 2022, kwana huɗu da shigar Rasha Yukiren, FIFA da UEFA suka dakatar da ƙungiyoyin Rasha baki ɗaya, filayen Turai suka cika da tutar Yukiren. Ban ce tausayin mutanen Yukiren laifi ba ne. Amma bayan wannan, da wane baki za a ce wa ɗan wasa Anwar El Ghazi ƙwallo ba wurin siyasa ba ce? Mainz ta Jamus ta kore shi a Nuwamban 2023 kan abin da ya rubuta game da Gaza, kotun ma'aikata kuma ta yanke a 2024 cewa korar ba ta kan ƙa'ida.

Sai dai mu ma da namu mudun biyu, kuma gara mu faɗa wa kanmu. Mutumin da ke cewa a raba ƙwallo da siyasa shi ne ya yi kabbara ranar da ƴan wasan Maroko suka ɗaga tutar Falasɗinu a Katar a 2022. Shi ne ya jinjina wa Idrissa Gana Gueye da ya ƙi buga wa PSG wasa a Mayun 2022, ranar da aka sa launin bakan gizo na masu neman jinsi ɗaya a lambar riguna, da Mohamed Camara na Mali da ya rufe tambarin a rigarsa ta Monaco a 2024 har aka dakatar da shi wasa huɗu. Shi ne kuma ya zagi Mohamed Salah a Oktoban 2023 don ya yi jinkirin magana kan Gaza. Ashe ba shirun ɗan wasa muke so ba, so muke ya faɗi tamu. Hujjar da ta kare Gueye, cewa kulob ya sayi ƙafar mutum bai sayi imaninsa ba, ita ce hujjar Kaepernick, ita ce kuma za ta kare wanda gobe zai tsaya ya faɗi abin da zai ɓata mana rai. In mun karɓe ta a wuri ɗaya ba mu da hanyar ƙin ta a wani.

Ni a ganina ɗan kallo yana da cikakken ikon tashi ya fita. Kuɗinsa ne, idonsa ne, ba wanda ke binsa bashin kallo. Amma akwai tazara tsakanin wanda ya ce na daina kallo da wanda ya ce sai an kore shi, sai an hana shi cin abinci da sana'arsa. Na biyun ba hutu daga siyasa yake nema ba, hukunci yake so a yanke, kuma idan shugaban ƙasa ne ya ɗau makirfo yana neman hakan, magana ta wuce ra'ayin ɗan kallo.

Akwai kuma tambayar wa ƙauracewa ke cutarwa. Idan matasan Maradi suka yi fushi da Arsenal suka ƙi zuwa kallo ran Asabar, masu kulob ɗin a Landan ba za su ji a jikinsu ba. Mai gidan kallon ne zai ji, wanda ya riga ya biya kuɗin wata na Canal+, ya sayi man janareto, ya jera benci, da mai shayi da mai tsiren da ke bakin ƙofa. Ƙauracewar ƴan kallo tana ci ne idan masu yin ta su ne ke riƙe da aljihun, kuma buƙatarsu ɗaya ce a fili. A Fabrairun 2016 dubban magoya bayan Liverpool suka fice daga Anfield a minti na 77 don an kai wani tikiti fam 77. Cikin kwanaki masu kulob suka janye suka ba da haƙuri. A Afrilun 2021 manyan kulob 12 na Turai suka sanar da sabuwar gasa ta su kaɗai, magoya baya a Ingila suka cika tituna, shirin ya ruguje cikin kwana biyu.

Afirka ta san wannan makamin tun kafin su. Ƙasashen nahiyar sun ƙaurace wa kofin duniya na 1966 don FIFA ta ba Afirka da Asiya da yankin Ostareliya gurbi ɗaya tal su raba. Daga 1970 aka ba Afirka gurbinta, Maroko ta je. A 1976 ƙasashen Afirka sama da ashirin, Nijar na ciki, suka ƙaurace wa Olamfik ta Montreal don an ƙi hana Niyuzilan shiga, alhali ƴan wasan zari-rugarta na rangadi a Afirka ta Kudu ta mulkin wariya, makonni kaɗan bayan an harbe ƴan makaranta a Soweto. Shekara guda bayan haka ƙasashen renon Ingila suka sa hannu kan yarjejeniyar Gleneagles ta yanke hulɗar wasa da gwamnatin wariyar. Ba na jin akwai ɗan Afirka da zai ce kakanninmu sun yi kuskure da suka shigar da siyasa wasa a lokacin.

Amma ko a can, waɗanda suka yanke shawarar ba su ne suka yi asarar ba. Gana ta Kwame Nkrumah, wadda ta ci kofin Afirka a 1963 da 1965, ita ta jagoranci ƙauracewar 1966, kuma taurarinta na wancan zamani sun gama wasa ba su taɓa taka kofin duniya ba. Sai a 2006 ƙasar ta fara zuwa. A Montreal da yawan ƴan wasan sun riga sun sauka a masaukinsu aka ce su tattara kaya. Filbert Bayi na Tanzaniya shi ke riƙe da bajintar duniya a gudun mita 1500 a lokacin, duniya na jiran karonsa da John Walker. Bayi bai je ba, Walker ya ɗau zinaren, kuma ɗan Niyuzilan ne.